Rana, Tabon Fuska da Man Bilicin

Jama'a, ku sani cewa launin fatar da Allah Ya yi mu da shi garkuwa ne. A cikin fata akwai wani sinadari da likitoci ke kira melanin. Shi ne ke ba ta launi, shi ne kuma ke tare wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ke ƙona fata, ya tsufar da ita tun lokaci bai yi ba. Duk sa'ad da rana ta dake ta, ko ƙurji ya fito, ko aka ƙone, sai fatar ta ƙara fitar da wannan sinadari a wurin. Asalin baƙin tabo ke nan. Ba dauɗa ba ce, don haka dirza da soso ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙara masa duhu.

Tabo iri-iri ne. Akwai wanda ƙurajen fuska ke bari, musamman ga mai matse su da farce. Akwai duhun da ke sauka a kumatu da goshin mace mai juna biyu, ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa. Na masu ciki yakan dushe bayan haihuwa, in ba a bar shi ga rana ba.

A wajen neman magani ɓarna take. Yarinya ta ga tabo biyu a kumatunta, sai ƙawa ta kai ta wurin mai haɗi, a auno mata mai a roba, ba suna, ba kwanan wata. Abin da akan zuba a ciki uku ne: haidirokwinon, da sitiroyid, da makuri. Na farko, in an daɗe ana shafa shi, yakan mayar da fuska baƙa ƙirin ta yadda da wuya ta koma daidai. Na biyu yana sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa. Na uku kuwa ba ya tsayawa a fata, yana shiga jini ya lalata ƙoda, ya kai har ga ɗan da ke ciki. Ga shi an kankare garkuwar, an fita cikin ranar bazara. Shi ya sa kuke ganin fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi. Ghana ta hana shigo da mayuka masu haidirokwinon a 2016, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Laifin ba na mata kaɗai ba ne. Namijin da ya ce shi sai fara, ko da mayya ce, da hannunsa a ciki.

To, me za a yi? A guji tsakar rana, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, gwargwadon hali. Wanda sana'arsa ta tilasta masa, kamar manomi da ɗan acaba, ya sa malafa ko hula da riga mai dogon hannu. Mai halin saye ya nemi man kare rana mai lamba SPF 30 ko fiye, ya sake shafawa bayan kowace awa biyu in yana waje. Man kaɗanya yana laushin fata, amma bai isa ya tare rana ba. Kada a goga lemon tsami a fuska. A kuma yi haƙuri, domin tabo yakan ɗauki watanni kafin ya dushe. In ya ƙi, a je ga likitan fata a babban asibiti, ba kemis ba.

'Yan'uwanmu zabiya su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin melanin ɗinsu kaɗan ne ƙwarai, ciwon dajin fata yana kama su da wuri. Iyaye, kada ku ɗora wa ɗanku zabiya talla ko kiwo cikin rana. Duk gyambon da ya fito masa ya ƙi warkewa, ku kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.