Wasiyyi: Amanar Marayu Bayan Mutuwar Uba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta.

Ƴan'uwa muridai, kowace rani magidantan Damargu, daga Tanut har Belbeji, suna bin hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya neman abinci. Wasu ba su dawowa. Sai a bar mata da ƙananan yara, gonar gero da awaki kuma su koma hannun baffa da sunan riƙo, riƙon da sau da yawa ba ya ƙarewa.

Shari'a ta riga ta yanka rabo: matar da mijinta ya bar ɗa tana da tumuni. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Abin da uba yake da iko a kai shi ne naɗa wasiyyi, amintaccen da zai tsare dukiyar yaran. A mazhabar Malikiyya ya halatta ya naɗa mace, har uwar yaran kanta. Wannan hukunci kaɗan ne cikinmu suka san shi.

Wasiyyi yana ciyar da yaran daga dukiyar, ya juya ta, ya fitar mata da zakka. In sun balaga kuma hankalinsu ya nuna, ya miƙa musu gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umarta.

Kafin ka hau mota, ɗan'uwa, rubuta sunan wasiyyinka da iyakokin gonarka da adadin bisashenka, gaban muƙaddamin zawiya da adilai biyu.