Darasi Kan Kasuwancin Koyarwa Daga Nesa Ta Intanet A Abuja

Koyarwa daga nesa ita ce malami ya ba da darasi alhali shi da ɗalibinsa ba sa wuri guda. A da ta gidan waya da rediyo ake yin ta, yau kuwa intanet ce babbar hanyarta. A Abuja ta zama sana'ar da ake zuba wa jari, don haka ya kamata ɗan kasuwa ya san tushenta, da inda riba take, da kuma inda hasara ke ɓoye.

Wannan tsari ya daɗe a Nijeriya. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. A 2016 aka mai da hedkwatarta daga Legas zuwa unguwar Jabi a Abuja. Zuwan wayar salula a 2001 ya share fage, amma rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona shi ne ya tilasta wa iyaye da malamai da dama gwada karatu ta waya da kwamfuta.

'Yan kasuwa ma sun shiga fagen. Kamfanin uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, ya fara ne da sayar wa ɗaliban sakandare darussan bidiyo a ɗan katin ajiya da ake sa wa waya, don su yi kallo ba tare da ƙona data ba. A 2023 kuma jami'arsa ta Miva da ke Abuja ta sami lasisi.

Sana'ar iri biyu ce. Akwai darasin kai-tsaye, inda malami da ɗalibi ke ganin juna a lokaci guda. Jarinsa kaɗan ne, sai dai kuɗin shiga ba ya wuce yawan awoyin da malami zai iya zama. Akwai kuma darasin da aka naɗa, wanda ke cin kuɗi da farko wajen kayan ɗaukar hoto da biyan ƙwararru, amma ana iya sayar da shi ga dubban ɗalibai ba tare da an sake naɗa shi ba.

Manyan abubuwan da ke cinye riba uku ne: data, da wutar lantarki, da canjin kuɗi. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Faɗuwar darajar naira bayan watan Yunin 2023 kuwa ta tsadanta manhajojin da ake biya da dala, ko da yake ta ƙara wa malamin da ke koyar da 'ya'yan 'yan Nijeriya mazauna Ingila da Amurka samu. Har ila yau, aljihun iyaye a Maitama ba ɗaya yake da na iyaye a Kwali ko Abaji ba. Mai neman kasuwar ƙauyuka gara ya dogara ga murya da rubutu, domin ba sa cin data kamar bidiyo.

Daɗin daɗawa, akwai batun doka. Ba wanda ke da ikon ba da digiri sai da amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai makaranta alhakin tsare sunaye da hotunan ɗalibansa.

Saboda haka, kafin mai jari ya sayi ko da kyamara guda, sai ya ƙididdige kuɗin da darasin awa ɗaya zai ci shi da wanda zai ci ɗalibi, ya kuma tanadi hanyar da zai riƙa nuna wa iyaye sakamakon 'ya'yansu. Uban da bai ga ci gaba a zangon farko ba, da wuya ya biya kuɗin na biyu.