Yadda Ake Gwada Dusar Ƙanƙara Kafin a Taka Gangaren Tsauni

A tsaunukan Alps, dusar ƙanƙarar hunturu hawa-hawa take kwanciya, ta yau a kan ta jiya. Idan akwai shimfiɗa mai rauni a ƙasa, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa gangare ya zaftare. Shi ya sa masu wasan zamiya a tsaunukan da ba a gyara ba suke bin abin daki-daki.

Tun daga gida ake farawa. A Switzaland, cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa kullum a lokacin hunturu, bisa ma'aunin Turai mai mataki 5 da aka amince da shi a 1993. A mataki na 3 aka fi rasa rayuka, domin mutane kan raina shi su fita.

Da an isa, sai a auna karkatar gangaren. Yawancin zaftarewa tana tasowa ne tsakanin digiri 30 zuwa 45.

Daga nan sai a nemi ƙaramin gangare marar haɗari mai fuskantar inda babban ke fuskanta, a haƙa rami da shebur kamar mita ɗaya, a daidaita bangonsa. Ana danna kowace shimfiɗa da dunƙulen hannu, da yatsu huɗu, da yatsa ɗaya, da fensir, har da wuƙa, don a san taurinta. Abin tsoro shi ne a tarar da mai tauri zaune a kan mai warwatsewa kamar sukari.

Sai a yanka ginshiƙin dusar ƙanƙara a bangon ramin da zarto, santimita 30 kowane gefe, a ɗora bakin shebur a kansa. A buga sau 10 da motsin wuyan hannu, sau 10 daga gwiwar hannu, sau 10 daga kafaɗa. Idan ya rabe da wuri, sumul, to a juya gida. Haka ma idan an ji ƙasa ta yi "dum" ko tsaga ta gudu daga ƙafa.

Ko gwajin ya yi kyau, ɗaya bayan ɗaya ake ƙetarawa, kowa da na'urar gano wanda ya binnu, da sandar bincike, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 yakan rayu. Bayan haka numfashi ke ƙarewa. Rami ɗaya ba ya ba da labarin tsauni duka, don haka in zuciya ba ta kwanta ba, a haƙura.