In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Kashedi Game da Kukan Iyakwandishan na Mota

Da zarar hunturu ya kau, bazara ta kankama, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40, sai ka iske motoci jingim a bakin hanya an ɗaga bonet, masu su na tsaye suna fifita da hula, alhali kuwa da yawansu motar ta yi makonni tana yi musu kashedi da kukan iyakwandishan, ba su saurara ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a Nijeriya a 1988, ba ta gushe ba tana jan kunnen direbobi a kan duba lafiyar mota kafin tafiya, kuma wannan takarda taimako ce a kan haka.

Kukan da ya fi kowane hatsari shi ne ƙara mai tsini da ke tashi da zarar an kunna sanyi, ko gurnani kamar ana niƙa tsakuwa a gaban inji. Sau da yawa asalinsa kwamfiresa ne, wato abin da ke matsa gas yana zagaya shi. Man da ke shafe cikinsa tare da gas yake yawo. Saboda haka idan gas ya yi yoyo, mai ma ya bi shi, sai ƙarfe ya dinga cin ƙarfe, har wata rana kwamfiresa ya cije, ya ƙi juyawa.

To, a nan musibar take, domin a galibin motocin zamani fanbel guda ne ke juya kwamfiresa, da injin cajin batir, a wasu har da famfon man sitiyari da famfon ruwan lagireto. Misalinsu kamar raƙuman azalai ne da suka ɗauko gishiri daga Bilma suka nufi Agadas, an jera su a igiya guda, kowane yana bin na gabansa cikin natsuwa, madugu na gaba yana lissafin zango. Idan ɗaya ya gaji ya fara ruri, madugu mai hankali yakan tsaya ya duba shi, ya rage masa kaya, amma wanda ya toshe kunne ya ci gaba da ja, to ranar da raƙumin nan ya durƙushe igiya za ta tsinke, lafiyayyun ma su tsaya cik a tsakiyar rairayi, ba don wani laifi nasu ba. Haka fanbel yake: kwamfiresa na cijewa sai ya zame, ya yi hayaƙi da ƙaurin roba, ya tsinke. Nan take fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi a hannu, allurar zafi ta fara hawa. Mai gudu da iyalinsa a hanyar Kano zuwa Zariya, tirela a bayansa, kwana a gabansa, ya ƙaddara halin da zai shiga.

Abin takaici, sai ka ga mutum kamili, da furfurarsa, ya ji wannan kuka sarai, maimakon ya nufi gareji sai ya ƙara muryar rediyo, in an yi magana ya ce ai Allah ne ke tsarewa. Haƙiƙa Allah ne ke tsarewa, amma malamai sun bayyana cewa tawakkali ba ya inganta sai an riƙi sababi, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Fasinja amana ne. Wanda ya ƙi biyan kuɗin boris yau, gobe zai biya kuɗin gasket da na janwe, in ma abin ya tsaya a kan dukiya ke nan.

Abin yi kuwa mai sauƙi ne. A kashe sanyi a saurara. In kukan ya ɗauke, a bar shi a kashe har a kai ga bakanike. In bai ɗauke ba, wataƙila boris ɗin faifan da fanbel ke hawa ne ya ci, domin shi yana juyawa ko an kunna ko ba a kunna ba, kuma wannan ya fi gaggawa. Kada a yarda da mai cewa "a ƙara gas kawai, Alhaji", sai ya nemo inda yake yoyo. A zuba irin gas da man da aka rubuta a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, galibi R134a, gwargwadon awon da aka faɗa, don cikawa fiye da kima ma tana wahalar da kwamfiresa.

Sauran koke-koken ba su kai wannan ba. Karkarwa a bayan dashbod yawanci ganye ne, ko leda, ko sheƙar ɓera a cikin fanka. Fito daga ƙofofin iska, matatar iska ce ƙura ta toshe. Huci na ɗan lokaci bayan an kashe mota ba komai ba ne, gas ne ke daidaita. Ƙas-ƙas a kai a kai alamar gas ya ragu. Ƙwanƙwasa kuma sau da yawa noti ne ya kwance. Ko da hunturu, a riƙa kunna sanyi 'yan mintoci kowane mako don mai ya zagaya.

Wanda ya karanta wannan, hujja ta tsayu a kansa. Ya duba motarsa tun kafin ya ɗebi 'ya'yan mutane. Allah Ya kiyashe mu da sakaci, amin.