Hana Giya a Wurin Taro: Wa Ke da Iko?

Ya kai mai karatu, ka san yadda taro yake. Ranar kasuwa, ko kokowa, ko biki, jama'a sun cika wuri. In giya ta shiga, hankali ya fita. Sai faɗa, sai rauni, wani lokaci har asarar rai. Shi ya sa hukuma kan hana sayar da giya a wurin taro na ɗan lokaci.

To, wa ke da ikon hanawa? Ba kowa ba. A Nijar, dokar ƙasa ba ta hana giya baki ɗaya ba. Amma kiyaye zaman lafiya aikin hukuma ne: shugaban komin, kamar a nan Bader Goula, da perfe na Dakoro, da gwamnan Maraɗi. Hani mai ƙarfi yana da alamomi huɗu. A rubuce yake, da sa hannun hukuma. Ya faɗi wurin. Ya faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa. Ya faɗi dalili. Sannan a sanar da jama'a, ta rediyo ko ta bakin sanƙira. Jandarma ne ke tsare shi, ba ƴan gari ba.

Dubi abin da ya faru a Maraɗi a watan Nuwamba na 2000. Wasu mutane sun yi fushi da bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai. Suka fita suka farfasa gidajen giya, suka ƙone wata coci. Aka kama mutane da yawa, gwamnati kuma ta rushe wasu ƙungiyoyi. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa, shi doka ke kamawa.

A wasu ƙasashe ma haka abin yake. A Indiya, doka ta hana sayar da giya awa 48 kafin a rufe rumfunan zaɓe. A Katar, ranar 18 ga Nuwamba 2022, kwana biyu kafin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, aka sanar cewa ba za a sayar wa ƴan kallo giya a filayen wasa 8 ba. Kamfanin Budweiser ya zuba kuɗi mai yawa, amma maganar ƙasar ce ta yi aiki.

Saboda haka, in kana tsoron fitina a wani taro, ka je wurin maigari. Ku kai kuka ga hukuma tun da wuri. Tun da yanzu ka iya karatu, ka nemi takardar hanin ka karanta da kanka. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Wa ke da ikon hana giya a wurin taro?
2. Faɗi alamomi huɗu na hani mai ƙarfi.
3. Me ya faru a Maraɗi a 2000?