Yadda Ake Rarrabe Bambancin Gaskiya Da Na Katari

Ba safai wata ke ƙarewa ba a kawo wa hakimi rahoto mai gwada jama'a biyu ba. A ce ƙauyen da ya sa takin zamani ya fi maƙwabcinsa samun gyaɗa, ko yaran wannan makaranta sun fi na waccan cin jarrabawa. Bisa ga irin wannan rahoto akan yaba wa wani dagaci a tsawata wa wani, akan kuma kashe kuɗin jama'a. Alhali kuwa ko gonaki biyu na mutum ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya, ba su ba da dami daidai wa daida. Saboda haka kafin a yanke magana tilas a tambaya: da babu wani dalili ko kaɗan, sau nawa katari kawai zai kawo bambanci mai girman wannan? Amsa wannan tambaya ita ce aikin gwajin ƙididdiga.

Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a tashar binciken aikin gona ta Rothamsted a Ingila cikin 1919, ya bayyana tushen abin a wani littafi nasa na 1935 da misalin shayi. Wata mace ta ce ita tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayin. To, sai a haɗa kofi 8, huɗu ta wannan hanya, huɗu ta waccan, a jera mata su bisa ƙuri'a, ta ware huɗun da aka fara da madara. Hanyoyin zaɓen huɗu daga cikin takwas 70 ne, guda ɗaya ce kaɗai daidai duka. Watau mai cinke ba zai dace da duka huɗun ba sai sau 1 cikin 70. Amma dacewa da uku ko fiye tana faruwa sau 17 cikin 70, kusan ɗaya cikin huɗu ke nan. Uku cikin huɗu abu ne mai daɗin ji a kunne, duk da haka ba hujja ba ce.

Ga inda wannan lissafi ya shafi rai. A 1948 Majalisar Binciken Lafiya ta Biritaniya ta buga sakamakon gwajin sitiraftomaisin a kan tarin fuka. Maganin ya yi ƙaranci ƙwarai a lokacin, ba ya isar kowa. Aka ɗauki majiyyata 107, aka raba su bisa lambobin ƙuri'a da Austin Bradford Hill ya shirya, aka rufe cikin ambulan don kada likita ya san rabon mutum kafin ya karɓe shi. Mutum 55 suka sami maganin tare da hutun gado, 52 hutun gado kaɗai, wanda shi ne jiyyar da aka saba. Bayan wata shida, 4 sun rasu cikin na farko, 14 cikin na biyu.

Hanyar auna wannan ta Karl Pearson ce, ya fito da ita a 1900, kuma duk magatakardan da ya iya rabawa zai iya binta. Da farko a ƙaddara maganin ba ya komai. In haka ne, mamatan nan 18 za su rabu gwargwadon yawan kowane kashi: 9.25 a kashin magani, 8.75 a ɗayan. Masu rai kuwa 45.75 da 43.25. Abin da aka gani ya kauce wa kowace lamba cikin huɗun nan da 5.25. Sai a ninka 5.25 da kanta, ta ba da wajen 27.6. A raba wannan da kowace lamba ta ƙaddarawa, a sami 2.98 da 3.15 da 0.60 da 0.64. Jimla wajen 7.4. Sa'an nan a duba jadawalin da masana suka tanada. Ga kashi biyu masu sakamako iri biyu, katari ba ya kai jimlar nan 3.84 sai sau 1 cikin 20, ba ya kai ta 6.63 sai sau 1 cikin 100. Tun da 7.4 ta wuce duka biyu, aka tabbata maganin ya yi aiki. Daga baya ƙwayoyin cutar suka saba da maganin, ratar ta ragu ƙwarai bayan 'yan shekaru, har aka koma haɗa shi da wani magani. Gwajin bai yi ƙarya ba, wata shida aka tambaye shi.

In abin awo ne, ba ƙirge ba, kamar buhun gyaɗa a kowace eka, sai a koma ga gwajin t. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin, shi ya aza harsashinsa a 1908, ya buga shi da laƙabin Student, watau ɗalibi. Abu uku yake dubawa: ratar da ke tsakanin matsakaicin kashi biyu, yadda gonakin cikin kowane kashi suka saɓa wa juna, da yawan gonakin. In gonakin kashi guda sun warwatsu, wata ta yi albarka wata ta ƙone, ƙaramar rata ba ta nuna komai. Gona ɗaya a kowane gefe kuwa ba ta gwaduwa sam, domin babu abin da za a auna saɓanin da shi. Shi ya sa masu binciken aikin gona, har da na Samaru kusa da Zariya, inda aka kafa tasha tun 1922, suke yanka fili ƙananan fegi masu yawa, su maimaita gwaji, su bar ƙuri'a ta zaɓi fegin da zai sami taki.

Ƙuri'ar nan ita ce ginshiƙi, kuma ita aka fi sakaci da ita. In an ba masu fadama taki aka bar masu jigawa, ko aka zaɓi manoman da suka fi himma, lissafi zai nuna bambanci, amma ba zai faɗi ko takin ne, ko ƙasar, ko manomin ba. Ba wani jadawalin da ke gyara rabon da aka yi da son rai.

Akwai kuma tarko cikin iyakar nan ta 1 cikin 20, wadda al'ada ce kawai da littafin Fisher na 1925 ya yaɗa. Hakimin da ya gwada ƙauyuka sau ashirin, ko da babu bambancin gaskiya ko ɗaya, yana iya tsammanin gwaji ɗaya ya haye iyakar. Dagacin da abin ya faɗa kansa bai cancanci tsawa ba sai an sāke dubawa wata damina. Haka nan in jimla ta kasa iyaka, ba a ce babu bambanci ba, ana iya cewa dai mutanen da aka ƙirga ba su isa a gane ba.

Lissafin kansa, malamin gona ko na asibiti zai iya yi da kwamfuta cikin ɗan lokaci, muddin littafin gunduma ya ba shi abin da zai yi aiki da shi. Kada magatakarda ya rubuta "mutum 14 sun rasu" ya tsaya, sai ya ce 14 cikin 52. Kada ya tara amfanin gonaki ya kawo jimla, sai ya rubuta kowace gona a layinta, da girmanta, da irin ƙasarta, da wanda ya zaɓe ta, da kuma gonakin da suka lalace, waɗanda akan so a tsallake.