Shirya yaro kafin ya shiga rabin aji

A wani ƙauye da muke aiki, na ga wata uwa ta kawo ɗanta makaranta ranar farko. Yaron ya riƙe zaninta yana ta kuka. Malama ta tambaye shi sunansa, ya kasa amsawa. Bayan mako biyu aka daina kawo shi, aka ce ba shi da kan boko, aka tura shi kiwon awaki. Yaron nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rasa shi ne wanda zai shirya shi tun daga gida.

Me ya sa shirin yake da muhimmanci?

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Najeriya su sa 'ya'yansu firamare da ƙaramar sakandare. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara 5, kafin ya shiga aji ɗaya yana da shekara 6. Amma koyo yana farawa tun yaro yana goye. Kafin ya kai shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko ba ku taɓa shiga aji ba, ku ne malamansa na farko.

Abin da za ku iya yi a gida

• Ku riƙa hira da shi, ku amsa tambayoyinsa. Tatsuniya da kacici-kacici da dare suna ƙara masa kalmomi, suna koya masa sauraro.
• Ku koya masa faɗin sunansa, da na mahaifinsa, da na ƙauyensa, da gaishe da manya.
• Ku ƙirga kaji ko ƙwayoyin gyaɗa tare. Ya ware wake daga masara, ya faɗi launin kowanne.
• Ku bar shi ya yi zane a ƙasa da tsinke, ko da gawayi a kan allo. Haka hannu yake sabawa da fensir.
• Ya iya zuwa bayan gida da kansa, da wanke hannu da sabulu, da sa riga da takalmi.
• Ya sha kunu ko koko kafin ya fita. Yaro mai jin yunwa ba ya fahimtar karatu. Yana kuma bukatar barcin awa 10 zuwa 13 kowace rana.
• Ku duba katin rigakafinsa, ku karɓo takardar haihuwarsa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.
• Ku kai shi ya ga makarantar da malamar kafin a buɗe. Kada ku tsorata shi da cewa malam zai yi masa bulala.

Ubanni, wannan aikin ba na mata kaɗai ba ne. 'Ya mace kuma kada a riƙe ta a gida don reno ko talla.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi suna iya gayyatar malamar rabin aji sau ɗaya a wata, bayan sujada, ta nuna wa iyaye wasannin koyo. A rubuta sunayen yara 'yan shekara 4 da 5, a tabbata ba a bar maraya ko mai naƙasa a baya ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yara nawa ne a ƙauyenmu suka isa shiga rabin aji amma suna gida? Me ya hana su?
2. Yaushe rabonmu da yi wa yaranmu tatsuniya?
3. Wa zai ziyarci iyayen yaron da ya daina zuwa makaranta?